Sharhi: Madatsar Alau da buƙatar na'urorin da ke jin haɗari kafin ya iso

Da asubahin Talata, 10 ga Satumba, 2024, mazauna Gwange, Fori, Gamboru da wasu unguwannin Maiduguri suka farka suka tarar da ruwa a cikin ɗakunansu. Madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda kimanin kilomita 20 daga birnin, ta ɓalle cikin dare. Ruwan ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya lalata kayan aiki masu tsada. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa ambaliyar ta raba kimanin mutum 400,000 da muhallansu. Rabon birnin da irin wannan bala'i tun 1994.

A watan Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake ginawa da inganta madatsar, wadda aka kammala a 1986 kuma take ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Siminti da ƙarfe su ne abin da ido zai gani. Sai dai akwai wani ɓangare na aikin da ya cancanci a sa masa ido, wato na'urorin da za su riƙa auna lafiyar madatsar dare da rana, su kuma isar da gargaɗi ga jama'a a kan lokaci.

Madatsar ruwa ba kasafai take rushewa ba tare da ta nuna alama ba. Galibin madatsun Arewa da ƙasa aka gina jikinsu, kamar ta Bagauda a Kano wadda ta ɓalle a 1988. Idan tafki ya cika, ruwa yakan tsatsa cikin ƙasar, ya yi ta kwashe ta kaɗan-kaɗan har ya buɗe wa kansa hanya. Injiniyoyi kan binne na'urar auna matsin ruwa a cikin jikin madatsa, su sa wata mai auna tsayin ruwan tafki, da wata mai gane ko ginin ya fara gocewa. A ƙasan madatsar kuma ana auna yawan ruwan da ke tsiyayowa. Idan ya ƙaru farat ɗaya, ko ya fito da laka, alama ce cewa ciki na zaizayewa.

A Alau, rabin labarin yana can sama da madatsar. Kogin Ngadda na samun ruwansa daga fadamun dajin Sambisa, inda kogunan Yedzeram da Gombole ke zuba. Rashin tsaro ya sa da wuya ma'aikaci ya riƙa zuwa irin waɗannan wurare kullum yana karanta ma'aunin ruwa da ido. A nan ne na'urorin auna ruwan sama da tsayin kogi, masu aiki da hasken rana kuma masu aika bayani ta layin waya ko tauraron ɗan'adam, suke da amfani. Duk sa'ar da aka samu tsakanin tashin ruwa da isowarsa gari, sa'a ce ta kwashe tsofaffi, yara da marasa lafiya.

Duniya ta ga yadda abin ke kasancewa ta fuskoki biyu. A Fabrairun 2017, da mazubar ruwan madatsar Oroville a jihar Kalifoniya ta Amurka ta lalace, an kwashe kusan mutum 188,000 cikin gaggawa. A Brumadinho ta ƙasar Brazil kuwa, madatsar da ta rushe a Janairun 2019 tana da na'urorin awo, amma jiniyar gargaɗi ba ta kaɗa ba, mutum 270 suka rasa rayukansu. Darasin shi ne, na'ura ba ta ceton kowa sai an san wanda zai karanta bayaninta, da wanda ke da ikon cewa a tashi.

Jihar Borno ba baƙuwa ba ce a harkar sa ido, domin fannin lafiya ya riga ya share hanya. Yawancin alluran rigakafi na buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos, alhali zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a bazara. Saboda haka ake sa wa firjin ajiyar allurai ma'aunin da ke rubuta yanayin sanyi, wasu ma har suna aika saƙo idan zafi ya wuce ƙa'ida. Bayan da cutar shan inna ta sake ɓulla a Gwoza da Jere a Agustan 2016, an ƙarfafa bin sawun masu rigakafi ta wayoyin da ke nuna inda suka taka, tare da gwajin ruwan kwata domin gano ƙwayar cutar. A 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali.

Ruwa da lafiya kuwa ɗanjuma ne da ɗanjummai. Daga Alau ake jan ruwan da matatar Maiduguri ke tacewa, kuma ƙasa da wata guda bayan ambaliyar, a farkon Oktoban 2024, gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara. Na'urorin da ke auna gurɓatar ruwa da yawan sinadarin kulorin a tankuna da rijiyoyin burtsatse na iya nuna inda haɗari yake kafin asibitoci su cika.

Ƙalubalen ba ƙanana ba ne. A Janairun 2021 masu tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin lantarki na Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya daɗe cikin duhu, don haka kowace na'ura sai ta dogara da hasken rana da batir. Ƙurar hunturu na rufe faranti, ɓarayi na sace batir, kuma ma'auni kan fara ba da bayanin ƙarya idan ba a saita shi lokaci-lokaci ba. Sayen na'ura abu ne na sau ɗaya, kula da ita kuwa na buƙatar kasafi kowace shekara. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat na iya horar da matasan da za su yi wannan aiki, maimakon jiran ƙwararru daga waje.

Sauran aikin na isar da saƙo ne. Hukumomin NIHSA da NiMet na fitar da hasashen ambaliya da na damina kowace shekara, amma hasashen shekara ba ya gaya wa mazaunin Gwange cewa daren yau ne. Ana buƙatar tsarin da aka rubuta tun kafin damina: tsayin ruwan da zai sa a kaɗa jiniya, saƙon waya da sanarwar rediyo cikin Kanuri, Hausa da Larabcin Shuwa, rawar lawanai da bulamai, da wuraren da kowace unguwa za ta nufa.

Majalisar Ɗinkin Duniya na fatan kowane mutum a duniya ya samu kariyar tsarin gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. Ga mutanen Maiduguri, ma'aunin cikar wannan buri shi ne ko labarin ruwa zai riga ruwan isa ƙofar gida.