Sharhi: Daga Sabon Gida zuwa Keita, wa ke biyan asarar ɗaukewar rezo?

A ƙarshen rani, lokacin da ake tonon albasa a kwarin Tarka, wayar salula ta fi komai daraja a aljihun manomin Sabon Gida. Da ita yake jin nawa buhu ya kwana a Galmi da Madawa, da ita dillali ke kiran direban babbar mota, da ita kuma ɗan kasuwar da ke Accra ko Abidjan yake cewa a loda ko a dakata. Albasa kaya ce mai ruɓewa, farashinta kuma yana iya sauyawa tsakanin safe da la'asar. Idan rezo ya ɗauke yini guda, mai gona zai sayar ne a kan kuɗin da wanda ke tsaye gabansa ya faɗa, don ba shi da hanyar jin na wani wuri.

A Buza da Keita matsalar ta fi taɓa tukunyar gida. Ƙasar Adar ƙasar 'yan cirani ce, gidaje da yawa suna jiran abin da ɗa ko miji zai aiko daga Kodebuwa, Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Kuɗin yana bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, waɗanda su ma ba su iya biyan kowa sai injinsu ya samu intanet. Tsohuwar da ta biya kabu-kabu daga ƙauye ta iske an ce mata "babu konekisiyon" za ta koma gida hannu rabbana, gobe ta sake biyan wani kuɗin mashin.

Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne yadda cinikin yake: kuɗi lakadan, aiki ajalan. Ni kaina na taɓa sayen forfe na mako guda a wajen wani kamfani ina shirin tafiya ƙauye, kwana biyu cikin bakwai ban ga intanet ba, amma ranar da wa'adi ya cika aka share abin da ya rage. Babu saƙon ban haƙuri, babu ƙarin ko awa guda. Shi ya sa mutane da yawa ke yawo da layi biyu ko uku, wanda ya kama a yi amfani da shi. Wato talaka yana biyan kamfani biyu don ya samu aikin guda.

Inda igiyar ke tsinkewa

Kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kasuwar salula a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati wanda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Kowa ya san sunan wanda yake zagi idan waya ta ƙi shiga, sai dai kira guda yana bi ta matakai da yawa, kowane mataki kuma yana da nasa rauni.

Na farko wuta ce. Eriyar da ake gani a bakin gari ba ta aiki sai da lantarki dare da rana. Idan wutar NIGELEC ta ɗauke, batir ne ke karɓa, idan ya ƙare sai janareto. Zafin watan Afrilu da Mayu yana gajiyar da batir, janareto kuma sai an kai masa gazuwal, wani lokaci a kan hanyoyin da damina ke yankewa. Kowa ya ga haka ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya, wadda ke ba Nijar kimanin kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta a wancan lokaci, ta katse wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. Maraɗi, Damagaram da wani ɓangare na jihar Tawa suna rataye ne da layin da ke fitowa daga Katsina. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa, amma ba ta isa ta riƙe jiha guda ba.

Na biyu shi ne wayar fibar da aka binne a ƙasa, wadda ke bin manyan hanyoyi irin hanya mai lamba 1 da ta ratsa Ƙwanni da Madawa. Injin gyaran hanya ko koramar da ta ci gaɓa suna iya tsinke ta. Idan babu wata wayar da za a karkata zuwa gare ta, duk garuruwan da ke bayan wurin sai su yi tsit, ko da eriyarsu na da wuta.

Na uku yana can cikin teku. Nijar ba ta da gaɓa, intanet ɗinta yana shigowa ne ta ƙasashen maƙwabta irin Benin da Najeriya. Ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaban gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga matsala, har da Nijar. Mai shagon aika kuɗi a Madawa bai taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru a ƙasansa ya shafi cinikinsa.

Akwai kuma yanayin ƙasa. Adar duwatsu ne da kwaruruka, ƙauyuka kuma a cikin kwari suke saboda can ruwa da noma suke. Tudu yana tare sigina, shi ya sa a wasu ƙauyukan Keita da Buza kowa ya san dutsen da ake hawa a yi waya. Kafa eriya a irin wannan wuri yana da tsada, ribarsa kaɗan ce, kamfani kuma ɗan kasuwa ne.

Na ƙarshe shi ne katsewar da ake yi da gangan. Ranar 24 ga Fabrairun 2021, kwana guda bayan bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na salula kimanin kwana goma. Tarzomar a Yamai ta fi ƙamari, amma har manomin Tarka ya ɗanɗana, a daidai lokacin da albasa ke shirin fita.

Tara ta shiga baitulmali, mai waya fa?

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A 2017 hukumar ARTP ta ci kamfanonin huɗu tarar sama da miliyar 3 na kuɗin Sefa saboda rashin ingancin aiki. A 2018 aka sake dokokin sadarwa, ARCEP ta maye gurbinta, ita ma a watan Yulin 2023 ta ci su tarar sama da miliyar 4 a kan dalili iri ɗaya. Tara biyu cikin shekara shida a kan laifi guda tana nuna cewa hukunci kaɗai bai gyara lamarin ba. Bayan haka, kuɗin ba ya komawa ga wanda forfe ɗinsa ya ƙone.

Su ma kamfanonin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne hanzari ba. Suna kuka da nauyin haraji, tsadar mai, satar batir da faifan sola, da rashin tsaro da ke hana ma'aikata isa wasu wurare. Amma duk wannan bai hana su aika saƙon talla sau da yawa a yini ba. Wanda ke iya sanar da kai sabon garaɓasa yana iya sanar da kai cewa waya ta tsinke tsakanin gari kaza da gari kaza, gyara zai ɗauki awa kaza.

Wasu na ganin Starlink ne mafita. Gwamnati ta sa hannu da kamfanin a Oktoban 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Yana da amfani ga asibiti, makaranta, ofishin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma, domin ba ya bi ta wayar ƙasa. Sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, shi ma yana bukatar wuta, kuma ba ya sa ƙaramar waya mai maɓalli ta yi kira. Haka nan aikin fibar da ya ratsa Sahara, mai tsawon sama da kilomita 1000, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, zai ƙara wa ƙasar ƙofofin fita ta Aljeriya da Chadi, amma ba zai kai sigina cikin kwarin Keita ba sai an kafa eriya. Wannan gurbin ne shirin "Villages intelligents" na hukumar ANSI, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 100 a 2020, aka tsara ya cike. Ya dace mutanen Adar su tambayi ƙauyuka nawa nasu ya kai.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Akwai matakan da ba su bukatar miliyoyi. Na ɗaya, ARCEP ta wajabta cewa duk awar da rezo ya ɗauke a wani yanki, a ƙara ta kai tsaye a kan wa'adin forfe na mutanen yankin. Kamfani ya san eriyar da ta mutu, ya san layukan da ke amfani da ita, don haka lissafin ba shi da wuya. Na biyu, a riƙa wallafa sakamakon gwajin inganci ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon karkara, domin mai saye ya san layin da ya fi kamawa a garinsa. Na uku, a ƙauyen da eriya guda ce, a bar layin kowane kamfani ya hau ta, su daidaita kuɗin a tsakaninsu. Na huɗu, a ɗora eriyoyin karkara a kan hasken rana da batir mai jure zafi, abin da ƙasar Adar ba ta rasa ba ke nan.

Jama'a ma suna da nasu aiki. Ƙorafin majalisar shayi ba ya isa Yamai. Idan ƙungiyar masu albasa ta Sabon Gida ta ajiye littafi tana rubuta rana, awa da layin da ya ɗauke har tsawon kaka guda, ta miƙa shi ga kantoman ƙaramar hukuma da hukumar ARCEP, ta samu hujjar da ba a iya musantawa. Kafin tonon albasa mai zuwa, wannan littafin ne ya kamata a fara buɗewa.