Ruwan da muke kora da damana, shi muke saye da rani

In aka tambayi magini abin da za a yi da ruwan sama, amsarsa guda ce: a haƙa magudana, a shafe ta da siminti, a kore shi can nesa. Wata takwas bayan haka, tsakar gidan da aka kore wa ruwan ita ce ke jiran ɗan ga-ruwa. Wannan makon a kan gidajen iyali na jami'o'inmu za mu duba zancen.

A 1971 aka kafa tushen jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu, sannan a 2014 Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Duk inda jami'a ta tsaya, tilas a nema wa malamai da ma'aikata da ɗalibai masu aure muhalli. Gidan iyali kuwa ba ɗakin gwauro ba ne: akwai yara masu wasa a ƙasa, akwai wanki, akwai tsofaffi masu neman inuwa.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Milimita 1 na ruwan sama bisa mita murabba'i 1, lita 1 ke nan. Yamai takan samu wajen milimita 550 a shekara. Ashe rufin kwano mai mita murabba'i 100 yana zubo da lita 55.000, watau tano 275. Gida hamsin fa? Mai shago ya buga da kansa. Ko a Damagaram, inda ruwan bai kai haka ba, dukiya ce, tun da gari ne da ke zaune bisa dutse, wanda aka daɗe ana jawo wa ruwan sha daga Gogo da Arunguza.

Wahalar ita ce ruwanmu ba ya zuwa da lallashi. Yakan sauko cikin awa ɗaya ko biyu bisa ƙasar da rana ta ƙone ta yi ɓawo, sai ya gudu maimakon ya nutse. Kowane kwano da kowane daɓen siminti na ƙara masa gudu. Magudana kuma, kafin damana ta raba, ta cika da rairayi da leda. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Harobanda, gefen da jami'ar Yamai take. A 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa lakkwal zuwa 28 ga Oktoba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ramin tsakar gida ba ya tare kogi, gaskiya ne. Amma ruwan rufinmu da na titinmu, wannan yana hannunmu.

Maganin kuwa ba sai an ɗauko shi cikin jirgi ba. Tun 1984, cikin aikin raya karkara na Keita, mutanen Adar, akasarinsu mata, suka jera duwatsu suka haƙa ramu bisa tuddai, ƙasar da ta mutu ta sake yin icce. Manoman Illela sun farfaɗo da faƙo da tasa da rabin wata. Dabarar guda ce: a rage wa ruwa gudu, a baza shi, a bar shi ya nutse inda ya faɗi. Abin da ya yi a gona zai yi a tsakar jami'a.

Indararo ya zuba cikin tanki mai murfi, bayan an bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi. Abin da ya yi saura ya bi hanya mai shimfiɗar tsakuwa zuwa kwari marar zurfi da aka dasa wa icce, nesa da gindin bango da ramin masai. Titi ya ɗan fi wurin shuka tudu, domin ya shayar da shi. Inda hali ya yi, a sa pabe maimakon kwalta. Zurfin kwarin kada ya kai gwiwar yaro, ruwan kuma ya ƙafe cikin kwana biyu, tun da sauro na bukatar wajen mako guda kafin ya tashi daga ƙwai. A bar sha'awar ciyawar Turai mai shan famfo safe da yamma. Aduwa, magarya, kurna, bagaruwa da tsamiya sun san rani. Gamba tana riƙe bakin kwari. Zogale kuma ya shiga tukunya.

Wani zai ce kuɗi. To, haƙa kwari da jera dutse sun fi siminti da ƙarfe araha, sai dai suna son a share su kafin kowace damana. Nan ne gizo ke saƙa, domin mun fi iya bikin buɗe gini bisa ga kula da shi.

Saboda haka kiranmu ga ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila: kada a sa hannu bisa zanen da bai nuna inda ruwan kowane rufi zai nutse ba, kuma a ware kuɗin gyara tun daga farko. Ƴan kasuwa masu gina gidajen haya kewaye da jami'a, ku ma ribarku ce, don gida mai inuwa da busasshen gindi ba ya rasa mai haya. Malaman aikin gona da ke koyar da rabin wata a aji, su fara haƙa shi a ƙofar gidajensu, ɗalibai su auna, gari ya zo ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Unguwa ma tun tana bisa takarda.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mako mai zuwa.