Rauni a Bakin Aiki: Magani Tukuna, Sannan Neman Diyya

Duk shekara idan kaka ta yi, asibitocin karkara kan karɓi matasan da injin sussuka ya datse wa yatsu, ko waɗanda bel ɗin injin niƙa ya fizgi hannun rigarsu. Da damina kuwa, sai a ga mai feshin da maganin ƙwari ya zubo wa a jiki, ko ɗan ƙwadagon da maciji ya sara yana cikin noma. Abin da aka saba shi ne mai gona ya ba da ɗan kuɗin magani, a ce ƙaddara ce, magana ta mutu. A ganinmu wannan bai wadatar ba. Yarda da ƙaddara ba ta hana mutum neman haƙƙinsa.

Abu na farko shi ne ceton rai. A kashe injin nan take, a danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a kan rauni, kuma a nemi allurar tetanus. Idan maganin feshi ne, a tuɓe tufafin, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a tafi asibiti tare da kwalbar maganin domin likita ya san irin gubar. Ɗura wa mutum manja ko madara ba magani ba ne. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau, a gaggauta kai shi asibiti.

Abu na biyu shi ne doka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta haɗa har da ɗan ƙwadagon wucin gadi da mai koyon sana'a, ko da da baki aka yi yarjejeniyar aikin. Hukumar NSITF ce ke kula da asusun biyan diyyar. Wajibi ne wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ana shigar da takardar neman diyya kafin shekara ɗaya ta cika. Saboda haka a yi sanarwar a rubuce, a adana katin asibiti da rasiɗan magani da rahoton likita, a kuma rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Sai kira ga masu manyan gonaki da masu injinan casa da niƙa da ƙungiyoyin manoma masu ɗaukar ma'aikata. Abin da doka ta ɗora muku shi ne ku yi rajista da hukumar, ku riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kuke biya a wata, ba tare da an cire shi daga albashin ma'aikaci ba. Wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da ɗawainiyar magidancin da ya rasa hannunsa na dama.

Ɗan ƙwadago ba shi da jarin da ya wuce lafiyar jikinsa. Wanda ya ci moriyar guminsa, ya kamata ya tsaya masa ranar da ya jikkata.