Motar da kake zuwa aiki da ita ba ta buƙatar a ɗaga ta

Duk wanda ke zaune a Texas ya san wannan cutar. Ka sayi a-kori-kura, Tacoma ko Ranger ko F-150, ka yi wata biyu kana jin daɗinta, sai wata rana a danja wata ta tsaya kusa da kai, tayoyinta sun kai maka ƙugu, fitilu jere a saman rufi. Daga ranar taka ta koma maka kamar ta yara. Da dare ka hau YouTube, kafin asuba ka cika kwandon sayayya da kayan dala dubu biyar.

Ni ma ta kama ni, shi ya sa nake da bakin magana. Ra'ayina a taƙaice: idan motar nan ita ce ke kai ka aiki Litinin zuwa Juma'a, ita ke kai yara makaranta, kuma daji sai sau uku ko huɗu a shekara, to kada ka ɗaga ta. Ka canja taya, ka sayi famfon iska, ka tsaya nan. Na san wasu za su ce na cika tsoro. To, bari mu yi lissafi.

Mu ɗauki Tacoma TRD Off-Road ta 2016 zuwa 2023, tunda ita ce a hannun da yawa daga cikinmu. Daga kamfani take zuwa da makullin aksul na baya, da tazarar inci 9.4 tsakaninta da ƙasa, da taya 265/70R16 mai tsayin kusan inci 30.6. Abin da kowa ke so shi ne 285/75R16, wadda ake wa laƙabi da "talatin da uku", tsayinta kusan inci 32.8. Bambancin inci biyu da ɗan kai ne, amma rabinsa kawai ke ɗaga motar, domin daga tsakiyar taya zuwa ƙasa ake aunawa. Wato inci ɗaya ka samu. Shi kuma kayan ɗagawa da ake saka wa a safirin, bodi da firam yake ɗagawa. Ƙullun aksul na baya, wanda shi ne yawanci ke fara dukan dutse, yana nan inda yake. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai bayan sun biya.

Me ka bayar a madadin incin nan guda? Tayar ta fi ta asali girma da kashi 7 cikin ɗari, don haka agogon gudu ya fara yi maka ƙarya: yana nuna 70, kai kuma kana kusan 75. Ɗan sandan da ke gefen I-10 ba ruwansa da girman tayarka. Injin yana jan taya mai nauyi da giyar da ba a yi don ita ba, sai ka ji motar ta yi sanyi wajen tashi, giya tana ta hawa da sauka a kan gada. Birki ma aikinsa ya ƙaru. Mai kuwa, dama can motar mil 18 take yi a galan cikin gari, 22 a babban titi bisa alƙaluman EPA, ba wai tana da rarar da za a yi wasa da ita ba ne. Tawa bayan na gama mata kwalliya sai da na riƙa ganin 15. Kullum fa, ba ranar zuwa daji kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna, kuma wanda ba a cika faɗa a bidiyon masu tallar kaya ba, shi ne na'urorin tsaro. Tun daga 2018 kowace Tacoma na zuwa da Toyota Safety Sense: rada a gaba, kyamara a saman gilashi. An saita su ne bisa tsayin motar da kusurwar da take kallon titi. Ka ɗaga gaba, ka cire bamba ka sa na ƙarfe, ka canja inda radar ke kallo. Wani lokaci mota za ta nuna maka gargaɗi a allo, wannan da sauƙi. Wani lokaci kuma shiru za ta yi, kana tafiya da imanin cewa birkin gaggawa na nan, alhali ba ka san abin da yake gani ba. Mu da muke ɓata awa guda muna gwada kyamarar waya a duhu, bai kamata mu yi wasa da kyamarar da ke taka mana birki ba. Idan har ka ɗaga, ka biya a sake saita su, kuma ka karɓi takardar aikin.

Sannan akwai mutanen da ke wajen motar. A 2023 cibiyar IIHS ta fitar da binciken da ya nuna cewa motocin da gabansu ya haura inci 40 sun fi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangara na inci 30 ko ƙasa. A-kori-kura dama doguwa ce. Kai da ke fita daga fakin ɗin masallaci ranar Juma'a, yara na gudu ta ko'ina, ka ƙara mata inci uku don me?

Zancen garanti kuma, mutane na ruɗewa. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana dila soke maka garanti don kawai ka sa kayan da ba na kamfani ba. Amma idan kayan ne suka jawo lalacewar, gyaran naka ne. Ni robar aksul ɗin gaba ce ta yage bayan wata bakwai da ɗagawa, saboda kusurwar ta yi tsauri. Garejin da suka yi min aikin suka ce ba laifinsu ba ne, dila ya ce ba nasa ba ne. Aljihuna ne ya raba gardama. Inshora ma haka: kayan da ba ka sanar da su ba, kada ka sa rai za a biya ka su ranar hatsari.

Yanzu ɓangaren da masu ɗagawa ke da gaskiya. Idan Moab kake zuwa a Utah, kana hawa duwatsu irin na Hell's Revenge duk wata, tsayi na da amfani, ƙarfen kare ciki na da amfani. Ba na musu. Amma wannan mutumin yawanci yana da wata motar ta zuwa aiki. Mu fa ina muke zuwa? Gaɓar teku a Padre Island, inda bayan mil na biyar sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Ko Old Ore Road a Big Bend sau ɗaya a shekara idan an samu hutu. Waɗannan Tacoma mai ja huɗu tana shigarsu yadda ta fito daga kamfani, in dai direban na da hankali kuma ya duba yanayin hanya kafin ya shiga.

Ku tuna direbobin Hilux da ke tashi daga Agadas su nufi Dirku. Rairayi ne na ɗaruruwan kilomita, ga lodi har sama. Babban makaminsu shi ne rage iskar taya da sanin hanya. A yashi, ka sauke iska daga 30 zuwa wajen 18, tafin tayar ya ƙara tsawo, motar ta daina nutsewa. Wannan kyauta ne, kuma ya fi duk wani kayan ɗagawa aiki a rairayi. Sharaɗin kawai ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska a zafin Texas fashewa take yi.

Don haka ga inda zan sa kuɗina da zan sake daga farko. Taya mai ƙarfin gefe irin ta kwalta-da-daji a girman asali, ko 265/75R16 wadda ta ɗara da inci ɗaya kacal. Famfon iska mai haɗawa kai tsaye da batir, ba ɗan ƙaramin nan na ramin sigari da ke zafi kafin taya ta biyu ba. Ma'aunin iska, shebur, allunan fitar da mota daga yashi, da igiyar ja mai kyau. Igiyar nan kada a taɓa rataya ta a ƙwallon jan tirela, yana iya tsinkewa ya tashi kamar harsashi. Sai taswirar da ka sauke a waya tun daga gida, don a Big Bend sabis ɗauke ƙafa yake.

Kafin ka sayi bamban ƙarfe, injin ja da tantin rufi, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jiki. Ta rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya duka. A Tacoma mai ƙofa huɗu lambar ba ta da nisa da fam dubu ɗaya. Ka cire nauyinka, na madam, na yara, na kular abinci da ruwa, ka ga abin da ya rage wa ƙarfen.

Tawa na mayar da ita tsayinta na asali bara. Kayan ɗagawar suna gareji, mai so ya yi magana, zan yi masa sauƙi.