Koyon Aikin Bishara A Jirgin Ruwa

Jama'a, samarinmu masu ɗokin tafiya ƙasashen waje koyon aikin bishara su kasa kunne. Ga misalin Logos Hope, watau jirgin ƙungiyar Operation Mobilisation da ke kai littattafai tashoshin duniya tun 2009. Wanda ya shiga, ba mumbari zai hau ba. Da safe addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, sa'an nan a raba aiki: wani wanke-wanke, wani kankare tsatsa, wani jera littattafai har ƙafa ta yi tsami. Albashi kuwa babu, kai hatta kyaftin. Ikilisiya da dangi ke tara kuɗin zaman yaro, shekara ɗaya ko biyu, alhali baikon ranar Lahadi da naira ake bayarwa, guzurin kuwa sai an canza shi kuɗin waje.