Ciwon Kan Mai Jego Ba Shagwaɓa Ba Ne

Kakanninmu da suka keɓe wa mai jego kwana arba'in sun san abin da suke yi. Sun lura cewa a waɗannan kwanaki rayuwar mace tana cikin hatsari. Likitoci ma haka suka gano: a makonni 6 na farko bayan haihuwa jinin mace yana saurin daskarewa. Mu jikoki mun riƙe wankan ganye da kunun kanwa, mun yar da lurar.

Akwai jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, jini ya rasa mafita, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan cuta ta fi kama matasa. A wani babban bincike da aka buga a 2004 kan majinyata 624 daga ƙasashe 21, uku cikin huɗu mata ne. Ciki, jego, ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, ƙarancin ruwa a jiki, ƙarancin jini da ciwon kunne mai ruɓa duk suna buɗe mata ƙofa. Wanne ne baƙo a gidajenmu, daga Damagaram zuwa zangon Kumasi?

Kusan tara cikin goma na masu cutar suna fama da ciwon kai mai ƙaruwa kullum. Wasu gani ya dushe, wasu ɓarin jiki ya mutu, wasu su faɗi suna jijjiga. A nan laifinmu yake. Yarinya ta ce kanta zai tsage, mu ce ta cika raki, ai kowa ya haihu. Ta faɗi, mu ce iska ce, a kawo hayaƙi. Idan an kai ta ƙaramin asibiti, sau da yawa a ba ta maganin masassara a sallame ta. Kwana uku sun tafi, alhali su ne kwanakin ceto.

Abin takaici, cutar tana jin magani. Hoton kai na sikana ko na IRM yana nuna toshewar. Ana fara allurar hefarin mai tsinka jini, a bi da ƙwayoyi na wata 3 zuwa 12. A wancan bincike kusan takwas cikin goma sun warke sarai.

Masu cewa asibitin da ke da na'urar yana da nisa da tsada sun faɗi gaskiya, kuma wannan bashi ne a wuyan hukumominmu. Amma mun sha ganin gidan da ya sayi ragon suna da turamen atamfa ya ce babu kuɗin mota.

Babu wanda ya hana addu'a. A yi ta a kan hanyar asibiti. A ba mai jego ruwa ta sha sosai, musamman a bazara. Idan ciwon kanta ya ƙi lafawa, ko ganinta ya canza, ko ta yi jijjiga ko sau ɗaya, a fita da ita a ranar, ko da ba ta yi arba'in ba.