RA'AYI: A bar matasan Damargu su saurari samaniyarsu, amma a rubuta musu ƙa'ida

Idan ba a manta ba, a ranar 6 ga Agustan 2023 ne majalisar CNSP ta sanar da rufe sararin samaniyar Nijar, kwana 11 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A kwanakin da suka biyo baya, duk wanda ya buɗe manhajar Flightradar24 a wayarsa ya ga abin da idonsa: ƙananan jirage rawaya sun cika Turai da gaɓar teku, saman Nijar kuwa wayam. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗe hanya ga jiragen fasinja.

Kaɗan ne suka tambayi inda wannan taswira ke samun labarinta. Mafi yawansa na fitowa ne daga dubban ƙananan na'urori da mutane suka kafa a gidajensu don sha'awa. A Turai da Amurka irin waɗannan na'urori sun yi yawa har suna maimaita juna. A yankin Sahara kuwa sun yi ƙaranci, sai kamfanonin su cike giɓin da bayanan tauraron ɗan Adam ko da ƙiyasi. Wannan jarida na ganin gundumomin Tanut da Belbeji na cikin wuraren da suka fi dacewa da wannan aiki a Nijar, kuma lokaci ya yi da hukumomi za su buɗe wa matasa ƙofa da ƙa'ida a rubuce.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Kusan kowane jirgin fasinja na zamani na ɗauke da tsarin da ake kira ADS-B. Jirgin kan gano inda yake ta hanyar GPS, sannan ya riƙa shelanta wurin kamar sau biyu a kowace daƙiƙa a kan mitar megahaz 1090, haɗe da lambarsa, tsawon da ya yi a sama, gudunsa da inda ya dosa. Ba a kulle wannan saƙo ba, domin an yi shi ne don masu kula da zirga-zirga da sauran jirage su ji, a kauce wa karo. Duk mai eriyar da ta dace zai ji.

Kayan da ake buƙata ba su wuce cikin leda ɗaya ba. Na farko shi ne Raspberry Pi, kwamfuta ce sukutum a kan allo guda mai girman katin banki, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dalar Amurka 35. Na biyu shi ne RTL-SDR, ɗan abu mai kama da makullin USB da aka ƙera tun asali don kallon talabijin a kwamfuta, daga baya masu bincike suka gano yana iya kama mitoci masu yawa. Sai eriya, wadda har da wayar tagulla ake haɗa ta, kowane reshe kusan santimita 7. Sai katin memori da za a zuba wa manhaja kyauta, irin PiAware ta kamfanin FlightAware ko Pi24 ta Flightradar24. A ɗaura eriya a kan dogon ƙarfe saman soro, a taƙaita tsawon wayar da ke sauko da saƙo don kada ya raunana, a shigar da ainihin wurin da gidan yake, shi ke nan jirage sun fara bayyana a allo. Na'urar ba ta aika komai ga jirgi, saurare kawai take yi. Ko babu intanet tana nuna taswira ga wayar da ke cikin gida. Intanet na shigowa ne idan an so a raba bayanan da duniya.

Wutar da take ci ba ta wuce wat 5 ba, wato ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta dare da rana. Abokan gabarta a Damargu sanannu ne: zafin watan Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu, da tsawar damina. Kwamfutar kan rage gudu da kanta idan zafin cikinta ya kai wajen digiri 80, don haka inuwa da iska wajibi ne. Idan kuma gidan na kusa da dogon ƙarfen kamfanin salula, sai an ƙara ɗan matacin da ke hana muryar salula danne ta jirgi.

Me ya sa Damargu? Saƙon jirgi na tafiya ne a miƙe kamar haske, dutse ko dogon gini na tare shi. Jirgin da ke tafiya a tsawon kilomita 11 a sama ana iya jiyo shi daga nisan kilomita 300 zuwa 400 idan fili ya buɗe, Damargu kuwa fili ce. Tanut na kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram. Eriya mai kyau a can za ta iya jin manyan jirage tun daga saman Kano har ta wuce Agadas. Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, na yamma da Tanut, ta fuskar Dakwaro. Wannan rata tana da amfani, domin tsofaffin jiragen da ba su faɗin inda suke ana gano su ne ta lissafin bambancin lokacin da saƙonsu ya isa tashoshi huɗu ko fiye. Tanut, Belbeji, Damagaram da Adarbisinat za su iya zama kusurwoyin farko.

Tarihi ma ya san wannan yanki a matsayin mararraba. Ayarin raƙuman da ke tsakanin Kano da Tarabulus ta nan suke bi, suna awon geron Damargu kafin su fuskanci Abzin. A nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairun 1851 ya nufi Katsina da Kano. Mutanen da suka san madugu da sawun raƙuminsa, bai kamata jikokinsu su zama baƙi ga abin da ke ratsawa ta saman kansu ba.

Amfanin farko ya shafi rai. A ranar 19 ga Satumban 1989 jirgin kamfanin UTA mai lamba 772 ya tashi daga Njamena zuwa Paris, bam ya tarwatsa shi a saman hamadar Tenere, mutum 170 suka rasu. Sai washegari aka gano tarkacensa, kimanin kilomita 400 arewa maso gabas da Tanut, daidai bakin iyakar abin da eriya mai kyau ke jiyowa a yau. A ranar 24 ga Yulin 2014 jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ya ɓace da mutum 116, aka kwashe sa'o'i ana nema kafin a same shi kusa da Gossi a Mali. A hamada kowace sa'a tana da tsada. Haka kuma lokacin da jirgin Ethiopian Airlines ya faɗi a ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, bayanan ADS-B ne suka fara nuna yadda yake hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, kuma irinsu ne suka sa Kanada da Amurka suka dakatar da Boeing 737 MAX bayan kwana uku.

Amfani na biyu shi ne rage jita-jita. Sanin kowa ne cewa tun daga 2023 da wuya mako ya wuce ba a yaɗa bidiyon wani haske a sama ana cewa jirgin leƙen asiri ne ba. Wani lokaci jirgin fasinja ne da ke kan hanyarsa ta kullum. Tashar da ke ajiye bayanan kowane dare na iya warware irin wannan gardama cikin minti biyu, gani kuwa ya kori ji. Na uku shi ne ilimi. Yaron da ya haɗa wannan na'ura ya taɓa Linux, ya auna eriya, ya lissafa wutar sola, ya karanta taswira. A Yamai akwai makarantar EAMAC da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen ASECNA, kuma babu dalilin da zai hana ɗan Gangara ko Tarka ya fara mafarkin shiga can daga saman soron makarantarsu.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar abin. Wannan na'ura ba rada ba ce. Jirgin da ya yi shiru ba za ta gan shi ba, kuma jiragen soja da marasa matuƙi kan kashe na'urarsu idan suna bakin aiki. A ranar 9 ga Agustan 2023 CNSP ta zargi wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Njamena da keta haddin samaniyar ƙasa, Faransa ta musanta. Eriyar saman soro ba za ta raba irin wannan gardama ba. Ba kuma za ta maye gurbin ASECNA ba, hukumar da ke kula da samaniyar ƙasashen yankin tun 1959, wadda ta riga ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aireon don karɓar irin waɗannan bayanai ta tauraron ɗan Adam.

Babbar matsalar ita ce ta tsaro da doka, kuma damuwar jami'an tsaro ba abin rainawa ba ce. Ƙasar da ke yaƙi da 'yan ta'adda tana da hujjar tambayar wanda ya kafa eriya yana aika bayanai waje. An ga haka a wasu ƙasashe. A 2001 Girka ta tsare wasu 'yan Ingila da Holan masu sha'awar kallon jirage bisa zargin leƙen asiri, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su. A 2021 hukumomin Sin sun ƙwace irin waɗannan na'urori daga hannun jama'a. A Nijar kuma, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a ranar 7 ga Yunin 2024 ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Matashin da ya wallafa hoton wani jirgi da taken son jan hankali na iya kwana a hannun jandarma.

Amma hani gaba ɗaya ba zai ɓoye komai ba. Abin da eriyar Tanut za ta ji, taurarin ɗan Adam na jin sa, tashoshin da ke ƙetaren iyaka ma na jin wani sashe. Wanda hanin zai rufe wa ido shi ne ɗan ƙasa kaɗai. Bugu da ƙari, Flightradar24 da FlightAware kan ɓoye wasu jirage idan masu su sun nema, saɓanin ADS-B Exchange da ba ta tacewa. Ke nan akwai zaɓin da hukuma za ta iya gindaya sharaɗi a kansa.

Don haka ya kamata hukumar sadarwa ta ARCEP da hukumar jiragen farar hula ta ANAC su fitar da bayani guda a rubuce, cikin Faransanci da Hausa, mai fayyace wanda ke da izinin kafa na'urar, inda zai yi rajista, da dandalin da aka amince a aika wa bayanai. Takarda ɗaya a ofishin gunduma, da sanin jami'an tsaro, ta wadatar. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ita ta fi cancanta ta jagoranci gwajin farko, ta kafa tashoshi a makarantun sakandaren Tanut da Belbeji, ta ajiye kwafin bayanan a cikin ƙasa don bincike da agajin gaggawa.

'Yan Damargu mazauna ƙetare, waɗanda su ne suka fi kowa bin jirgin ɗan uwa ko na alhazai a waya, suna da rawar takawa. Kayan gaba ɗaya ba su kai kuɗin waya mai matsakaiciyar daraja ba, kuma Flightradar24 kan aika na'ura kyauta zuwa wuraren da take da giɓi idan akwai wuta da intanet masu ɗorewa. Abin da ya fi shi ne ƙungiyoyinsu su bi ta hannun makaranta ko jami'a, kada a cusa kayan a jakar wani a bar shi da bayani a gaban duwan.

Su kuma matasa, kada zumuɗi ya kai su ga kafa eriya a ɓoye. A nemi izini tukuna, a nisanci barikin soja da filin jirgi, kada a wallafa motsin jirgin soja ko da ya bayyana a allo. Rigakafi ya fi magani. Idan hukuma ta yi nata, matasa suka yi nasu, Damargu za ta samu masu fasaha, masu ceto za su samu ƙarin kunne a bakin hamada, ƙasa kuma za ta mallaki bayanan samaniyarta a hannun 'ya'yanta.